Wa Ya Naɗa Na'ura Sarkin Ƙofar Asusun Talakawa?

Jama'a, makon nan maganar kuɗinku za mu yi. Don haka mai awo ya ajiye mudu, tela ya tsai da keke, mahauci ya mai da wuƙa kube, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Ba da kuɗin manyan attajirai muke ba, su da manajan banki ke miƙewa tsaye in sun shigo. Muna magana ne a kan ɗan abin da mai tebur da dillaliya da lebura ke hana bakinsu su kai ajiya. A ƙasashe da dama irin waɗannan mutane sun haɗa kai sun kafa ƙungiyoyin ajiya da rance, watau asusun gama-kai wanda masu zuba kuɗin su ne masu shi. Su ke zaɓen shugabanninsa, kowane memba ƙuri'a ɗaya, ko miliyan ya ajiye ko kwabo.

To, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A Amurka, inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi ƙarfi ƙwarai, in memba ya buga waya yana son ya ji abin da ya rage masa, ko yana son a tura kuɗi, sau da yawa ba ɗan Adam ke amsa masa ba. Wata murya ce mai laushi, ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta kuwa san shi ba. Har an kai matsayin da wasu gidajen kuɗi ke ce wa mutum ya huta da haddace lamba, wai muryarsa ta isa ta buɗe asusunsa. Watau an naɗa na'ura sarkin ƙofa, ita ke cewa wane shiga, wane koma. Irin wannan naɗi kuwa a ofis ake yinsa, tsakanin manaja da wakilin kamfani, masu gida sai dai su wayi gari su tarar da baƙo zaune a zaurensu. Mu ba mu yarda da haka ba, za mu kuma faɗi dalili.

ASALIN GIDAN

Kafin a yi gardama a kan ƙofa, sai a tuna wanda ya gina gidan. Cikin 1844 wasu talakawa 28, da yawansu masaƙa, a garin Rochdale na Ingila suka haɗa 'yan kuɗinsu suka buɗe kantin gama-kai, suka kafa ƙa'idar memba ɗaya ƙuri'a ɗaya. A Jamus wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya ga yadda masu ba da bashi da ruwa ke cinye gonakin manoma, ya kafa musu asusun rance na ƙauye a Heddesdorf cikin 1864. A Kanada wani akawun majalisa, Alphonse Desjardins, ya ji ana ba da labari a zauren majalisa cewa an ɗora wa wani bawan Allah ruwan da ya kai kashi 3,000 cikin ɗari. Abin ya tsaya masa a rai, ya koma garinsu Lévis ya kafa asusun jama'a cikin 1900. Ajiyar farko da aka kawo masa santi goma ce. Shi ne kuma ya taimaka wa ma'aikatan masaƙu na Manchester ta jihar New Hampshire suka kafa na farko a Amurka cikin 1908, sa'an nan cikin 1934 majalisar Amurka ta yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi dokar ƙasa.

Ku lura da abu guda. Waɗannan mutane ba su da gidajen sama da za su ba da jingina. Jinginarsu ita ce sanin juna. An san wane ba ya cin amana, an san wance in ta ce ran Juma'a to ran Juma'ar ce. Kowace uwar adashe a kasuwanninmu ta san wannan ilmi ba tare da ta shiga makaranta ba. Ta san mai zubi da fuska, ta san ranar da ciniki ya yi masa nauyi, ta san in yaron da ya aiko nasa ne ko na ƙarya.

Amma gidan ya sāke. Cikin 1969 ƙungiyoyin ajiya da rance na Amurka sun haura 23,000. Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda gwamnatin tarayya ke tsaya wa ajiyarsu ba su kai 4,500 ba, alhali membobi sun haura miliyan 140. Manya sun haɗiye ƙanana, ofisoshi sun yi nisa da unguwanni, akawu bai san mai ajiya ba. Da sanin juna ya tafi, sai aka shiga neman abin da zai tsaya a gurbinsa. Nan ne 'yan kamfani suka ƙwanƙwasa ƙofa da hajarsu.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Kada kowa ya ruɗe ku da manyan kalmomi. Ba tsafi ba ne, aikin hannun mutane ne, hawa huɗu ne kuma.

Hawa na farko shi ne danne-danne. Cikin 1963 kamfanin wayar Bell na Amurka ya fito da tarho mai maɓallai maimakon mai juyawa. Kowane maɓalli in an danna yana aika sauti biyu a haɗe, na'urar da ke can ɗaya gefen tana gane lambar daga sautin. Daga nan aka samo wannan dogon jawabi na danna ɗaya in kana son kaza, danna biyu in kana son kaza.

Hawa na biyu shi ne jin magana. Tun 1952 masanan Bell suka ƙera wata na'ura mai suna Audrey wadda ke gane lambobi daga sifiri zuwa tara, amma sai an daidaita ta da muryar mai maganar. Cikin 1962 kamfanin IBM ya nuna tasa mai gane kalmomi 16. Na yanzu sun yi musu fintinkau, amma ba ji suke irin na ɗan Adam ba. Na'ura tana yayyanka sautin ƙanana-ƙanana, ta gwada shi da dubban sa'o'in maganganun mutane da aka ɗura mata, sa'an nan ta yi canke a kan kalmar da ta fi kama. Wanda aka ɗura mata irin maganarsa da yawa, shi take ji da kyau.

Hawa na uku shi ne maganar na'urar kanta, watau muryar da aka ƙera wadda ke karanta maka abin da ke cikin littafin ajiyarka.

Hawa na huɗu shi ne wanda ya fi damunmu, tambarin murya. Ana sa mutum ya yi magana, na'ura ta auna yadda maƙogwaronsa da hancinsa da bakinsa ke fitar da sauti, ta mai da awon lambobi ta adana. Gobe in ya bugo, sai ta auna sabuwar muryar da tsohuwar ta ba da maki, kamar malami a jarrabawa. Ba ta taɓa cewa lalle wannan wane ne, iyakarta ta ce ya yi kama da wane kaza cikin ɗari. Saura kuma a sa makin ci. In an ɗaga shi sama, mai asusu na gaskiya zai faɗi jarrabawar muryarsa ranar da mura ta kama shi, ko tsufa ya raunana shi, ko yana tsakiyar hayaniyar kasuwa. In an sauke shi ƙasa don kada a ɓata wa masu bugowa rai, ɓarawo ya samu hanya.

To, ku 'yan kasuwa, ku da kakanninku suka sha fama da sikelin masu sayen gyada, mun tambaye ku: wa ke riƙe da wannan sikeli? A ɗakin wa yake? Wa ya taɓa ganin dutsen awonsa? Shawarar nawa za a kora cikin masu gaskiya, nawa za a bari cikin ɓarayi, shawara ce ta masu dukiya. Yaya za a yanke ta ba su sani ba?

WANDA TAKE JI DA WANDA BA TA JI

An ce mana na'ura ba ta da son kai, ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba. Bari mu gani. Cikin 2020 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada na'urorin jin magana na manyan kamfanoni biyar, Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft. Suka ba su maganganun Turawan Amurka da na baƙaƙen fatar Amurka, dukansu kuwa Turanci suke yi, harshen da aka haife su cikinsa. A cikin kowace kalma ɗari, na'urorin sun kuskure kimanin 19 a bakin farare, 35 a bakin baƙaƙe. Kusan ninki biyu ke nan.

In haka ta kasance ga ɗan ƙasa, ina ga baƙo? Ku tuna da 'yan'uwanmu Hausawa na Kumasi da Accra da Yamai da Kano waɗanda ke tuƙin tasi da aikin kanti a birnin New York. Turancinsu na neman abinci ne. In na'ura ta ce ba ta ji ba, ta sake cewa ba ta ji ba, wa zai ji kunya? Mai kuɗin ne zai kashe waya yana zargin harshensa, alhali laifin yana ga waɗanda suka ƙera kunne ba su koya masa jin irin bakinsa ba.

Ba mu ce maƙeran sun zauna sun ƙulla mugunta ba. Abin da ya faru ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi muni: ba su tuna da mu ba sam. Wanda ba ya wurin rabo, ba a san da bakinsa ba. Ƙungiyar da aka kafa musamman don mutanen da banki ya raina, in ta ɗora mai gadin da ya fi jin masu hali, ai ta koma gidan jiya.

MURYA TA ZAMA KAYAN SATA

Yanzu ga babbar magana. Cikin 2016 bankin HSBC na Ingila ya fara buɗe wa mutane asusu da tambarin murya. Ana sa mutum ya faɗi wata jimla mai ma'anar muryata ita ce mabuɗina. Shekara ɗaya kacal, cikin 2017, wani wakilin BBC ya sa ɗan'uwansa tagwai ya bugo yana kwaikwayon muryarsa. Sau bakwai na'ura tana ƙinsa ba ta rufe ƙofa ba, a na takwas ta buɗe masa. Wannan da maƙogwaro kawai aka yi shi.

Sa'an nan aka samo na'urar kwaikwayon murya, wadda 'yar'uwa ce ga muryar nan mai laushi da ke gaishe ka a waya, sana'a ɗaya ta haife su. Cikin 2023 wani ɗan jaridar Vice ya ɗauki muryarsa ta 'yan mintoci, ya ba manhajar kamfanin ElevenLabs, ta ƙera masa muryar bogi, ya kunna wa na'urar bankin Lloyds, ta bar shi ya shiga asusunsa ya ga abin da ke ciki. Cikin wannan shekara wata 'yar jaridar Wall Street Journal ta yi irin haka da layin katin bashinta na bankin Chase. A shekarar dai masanan Microsoft suka ba da labarin wata na'ura da ke kwaikwayon mutum daga maganar daƙiƙa uku.

Ba ma sai mun kawo shaidu daga waje ba, maƙeran da kansu sun yi magana. Cikin 2024 kamfanin OpenAI ya nuna na'urar da ke kwaikwayon murya daga maganar daƙiƙa 15, ya kuma ba da shawara a daina amfani da murya wajen buɗe asusun banki. Cikin Yuli 2025 shugaban kamfanin, Sam Altman, ya tsaya a taron babban bankin Amurka a Washington ya ce abin yana ba shi tsoro, a ce har lokacin akwai gidajen kuɗin da ke karɓar tambarin murya a matsayin shaida. In maƙerin mabuɗi ya ce maka kwaɗon nan ya daina tsare ɗaki, kai kuwa ka ci gaba da rataya shi, wa za ka zarga ran da aka yi maka yasa?

Ku duba bambancin. Lambar sirri a cikin kanka take, in an sace ta ka canja wata kafin la'asar. Murya kuwa a waje take. Ɗan kasuwa da ita yake cin abinci, yana zuba ta tun safe har magariba, a rumfa, a tasha, a saƙon murya na WhatsApp da yake aika wa abokan ciniki ashirin kowace rana. Wane mai hankali ne zai rataya mabuɗin shagonsa a bakin hanya? In kuma aka kwafe ta, ina za ka samo wata? Murya ɗaya aka haife ka da ita, da ita za a kai ka.

A HANNUN WA AJIYAR TAKE?

Ƙaramar ƙungiyar ajiya ba ta ƙera irin wannan na'ura, haya take yi. Kamfanin Nuance, wanda ya daɗe yana sayar wa bankuna na'urar murya, Microsoft ya saye shi a kan dalar Amurka biliyan 19.7, aka gama cinikin cikin 2022. Ku auna wannan da asusun malaman makaranta na wani ƙaramin gari, ku gaya mana wa zai gindaya wa wani sharaɗi in sun zauna ciniki.

Dogara da ɗan haya kuwa tana da farashi. A ƙarshen 2023 'yan fashin kwamfuta, masu kulle na'ura su nemi fansa, suka faɗa wa wani kamfani guda da ke yi wa ƙungiyoyin ajiya hidimar na'urori, sai ga ƙungiyoyi wajen 60 a Amurka aikinsu ya tsaya lokaci ɗaya. Hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin, NCUA, ta sha kai kuka majalisa cewa ba ta da ikon shiga ta binciki irin waɗannan kamfanonin haya. Watau ana binciken mai gida, ba a binciken wanda ke riƙe da mabuɗansa.

Kada kuma ku ce manya ba za su ɗauki muryar mutum ba da izninsa ba. Hukumar harajin Birtaniya ta fara tara tambarin muryar masu bugo mata waya cikin 2017. Cikin 2019 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar ta same ta da laifin rashin neman yarda yadda ya kamata, aka tilasta mata ta goge na mutum wajen miliyan biyar. Gwamnati ke nan, mai lauyoyi gida guda. A jihar Illinois ta Amurka tun 2008 aka yi doka cewa kamfani ba zai ɗauki tambarin murya ko na yatsa ba sai da yardar mutum a rubuce. Ba a yin doka a kan abin da ba ya faruwa.

ABIN DA ZA SU CE

Mun san amsarsu, bari mu faɗa musu ita tun kafin su buɗe baki, don mu ba ma tsoron gardama.

Za su ce ƙaramar ƙungiya ba ta da kuɗin biyan akawu dare da rana, na'ura kuwa ba ta barci. Gaskiya ne. Direban da ya tashi aiki ƙarfe biyun dare yana da haƙƙin ya ji ko albashinsa ya shiga. Ba mu ce a fasa na'ura ba. Ta karanta wa mutum lissafinsa, ta gaya masa lokacin buɗe ofis, ta karɓi rahoton katin da ya ɓata. Wannan aikin ɗan aike ne, ta kuwa iya shi. Abin da muka ƙi shi ne a mai da ɗan aike alƙali.

Za su ce tsohuwar hanya ma ba ta da tsaro, don tambayar sunan mahaifiyar mutum ko ranar haihuwarsa abu ne da ɓarawo ke iya tonowa. Wannan ma gaskiya ne. Amma in katangar ƙasa ta zaizaye, gyara ta ake yi, ba a musanya ta da zana a ce an ci gaba.

Za su ce ɗan Adam ma ana yaudararsa da muryar bogi. Haka ne. Cikin 2019 aka ruwaito yadda aka kira shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila da murya irin ta maigidansa na Jamus, ya tura yuro 220,000 hannun mazambata. To, wannan ai hujjarmu ce. In har kunnen mutum da na na'ura duka suna ruɗuwa, ashe murya ita kaɗai ba shaida ba ce a gaban kowa.

Za su ce an ƙera wata na'urar mai gano muryar bogi. An ƙera, ana kuma sayar da ita da tsada. Gobe maƙeran bogi su gyara tasu, jibi masu ganowa su gyara tasu. Tseren kura da mai akuya ke nan, akuyar kuwa ta memba ce. Ran da kura ta riga, me za a ce wa mai ajiya? Tsoronmu a buɗe littafi a nuna masa cewa na'ura ta shaida muryarsa ce, ya tafi ya kawo hujjar cewa ba shi ba ne. Yaya talaka zai yi shari'a da sikelin da bai taɓa gani ba?

INA RUWANMU?

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce. Sannu, mai barci! Ƙungiyar ajiya da rance ta farko a Afirka a Jirapa aka kafa ta, a arewacin Ghana, cikin 1955, da taimakon wani fada ɗan Kanada, John McNulty. A Nijeriya dokar jam'iyyun gama-kai ta fito tun 1935, yau kuwa da wuya ka samu ma'aikata ko babbar kasuwa da ba ta da nata asusun. Ita ma na'urar ta iso nahiyar: cikin 2017 kamfanin wayar Safaricom na Kenya ya fara gane masu hulɗa da shi ta murya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma mun san abin da za a zo a ce mana, don maganar tana da daɗin ji. Za a ce talakawa da yawa ba su iya karatu ba, lambobin da ake dannawa a waya suna ba su wahala, ga na'urar da za su yi wa magana da Hausa. Madalla, mu ma muna so. Amma wace Hausa? Bakano ya ce biyar, Basakkwace ya ce biyat. Wani ya ce huɗu, wani ya ce fuɗu. A Maraɗi da Damagaram in mace ta ce dala ashirin tana nufin sefa ɗari, in ta ce jikka guda tana nufin sefa dubu, alhali jaka guda a bakin dattawan Kano naira ɗari biyu ce. Hausa harshe ne da ɗaga murya ko jan wasali ke juya ma'anar kalma, maganganun Hausa da aka ɗura wa na'urori kuwa ba su kai cikin cokali ba in an gwada da na Turanci. A hira, kuskure abin dariya ne. A kuɗi, kuskure tsakanin tamanin da tis'in jarin wata ne.

Ku ƙara da wannan. A Amurka gwamnatin tarayya tana tsaya wa ajiyar memba har dala 250,000 in ƙungiyarsa ta rushe. A Nijeriya hukumar inshorar ajiya, NDIC, bankuna take rufa wa baya, ba ta rufe jam'iyyun gama-kai ba. Inda babu tabarma a ƙasa, mai hawa sama sai ya ƙara hankali. Waɗanda suka ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da kuɗi ke fita daga asusun mai saye ba su isa na mai sayarwa ba, sun san zafin neman mutumin da za a kai wa kuka a rasa.

BUKATUNMU

Ba mu zo da kuka kawai ba. Ga abin da muke so kowane memba na kowace ƙungiyar ajiya, a ko'ina yake, ya miƙe ya nema a babban taron shekara, a kuma rubuta shi cikin littafin mitin:

Na ɗaya, kada a sa hannu a kan yarjejeniyar na'urar murya da kowane kamfani sai an karanta ta a gaban membobi da harshen da suke ji, an faɗi kuɗinta, an kaɗa ƙuri'a.

Na biyu, a kowane mataki na kiran waya a bar hanya ɗaya gajeriya da za ta kai mutum ga ɗan Adam, kada kuma a caje shi ko kwabo saboda ya zaɓi haka.

Na uku, murya ita kaɗai kada ta fitar da kuɗi, kada ta canja lambar waya ko lambar sirri. A haɗa ta da wata shaida dabam, in kuɗin da yawa ne akawu ya sake kiran mai asusu a lambar da aka sani.

Na huɗu, kada a ɗauki tambarin muryar kowa sai ya yarda a fili. Wanda ya ƙi kada a rage masa komai, wanda ya janye a goge nasa a ba shi shaida. A Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan jikin mutum da ake gane shi da su cikin jerin masu tsananin sirri, don haka wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Na biyar, kafin a karɓi na'ura a gwada ta da bakin membobin kansu, tsoho da tsohuwa, mai in'ina da mai giɓi, ɗan birni da ɗan ƙauye, a tsakiyar kasuwa ba a ofis mai sanyi ba. Kowace shekara kuma ma'aji ya karanta mutum nawa ta kora bisa kuskure, ɓarawo nawa ta bari ya wuce.

Na shida, in aka yi sata ta ƙofar na'ura, asarar ta hau kan ƙungiya da kamfanin da ya yi mata haya, kada ta hau kan memba. Wanda ya kawo mai gadi shi ke biyan ɓarnar mai gadi.

Shugabannin da suka ƙi waɗannan shida, ku tambaye su dalili a bainar jama'a. In sun ce abin ya fi ƙarfin fahimtarku, ku tuna musu cewa kuɗin da ake magana a kansu bai fi ƙarfin aljihunku ba lokacin da ake karɓa. In sun nace, ranar zaɓe tana tafe, ƙuri'arka kuwa daidai take da ta ciyaman. Banki na masu hannun jari ne, in ya wulaƙanta ka iyakarka ka kwashe naka ka tafi. Ƙungiyar ajiya taka ce, ba inda za ka. Ka biya kuɗin zubinka, ka riƙe katinka, ka je taro da wuri ka zauna a sahun gaba, in an zo kan maganar waya ka ɗaga hannu.